Muhawara: Sutura tana canja mutum, ko idon mutane kawai take canjawa?

Malam Na-Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da take cina a rai, ina son manyanmu da ƙannenmu su sa baki. Mun taso muna jin cewa tufafi rufin asiri ne kawai, zuciya ita ce mutum. Abin da nake gani a aji ya sa ban gamsu da wannan maganar gaba ɗayanta ba. Yaron da yunifom ɗinsa ya yage a hammata, ko wanda ya zo da kayan gida saboda babu, ba ya zama a gaba. Can baya yake raɓewa kusa da taga. Ko ya san amsa ba zai ɗaga hannu ba, domin in ya ɗaga yagar za a fara gani kafin a ji amsar. Ranar da aka ɗinka masa sabo kuwa, shi ne farkon zuwa, shi ne mai goge allo, har muryarsa sai ta buɗe. Yaron nan dai shi ne, basirarsa ita ce. To ina tambaya, rigar ce ta canja shi, ko kuwa kallon da muke yi masa ne ya canja, shi kuma ya biyo baya?

Baba Alhaji:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka. Amma ina tsoron kada mu koya wa yara cewa darajarsu a jikin tsumma take. Mu da warki muka yi kiwo, riga sai ranar Juma'a ko Sallah, kuma ba mu taɓa jin mun kasa kowa ba. Ku dubi Malam Aminu Kano. Farin yadi da jar hula, shi ke nan adonsa har ya koma ga Allah a 1983. Masu alkyabba da manyan rawuna sun san da zamansa. Mutum in ya cika, ko buhu ya saka za a saurare shi.

Malam Na-Firamare:
Allah ya ƙara girma, Baba. A zamaninku duk sa'o'inka warki ne a jikinsu, babu wanda zai nuna ka da baki. Yanzu yaro ɗaya ne cikin aji zai zo da yagaggiya, sauran fes. Nan ciwon yake. Maganar Malam Aminu kuwa, ni a ganina ta goyi bayana. Ba rashi ne ya sa shi farin yadi ba, zaɓa ya yi, don talaka ya gan shi ya ce wannan namu ne. Har yau ga jar hula nan a kawunan 'yan Kwankwasiyya, tun daga nesa ka san inda mutum ya sa gaba kafin ya buɗe baki.

Baba Alhaji:
Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba. Sarauta ma ta san haka tun da daɗewa. Rawani mai kunne biyu a Kano ba kowa ke naɗa shi ba, sai jinin gidan. Na ga mutanen da muka yi wasan ƙasa tare, ranar da aka naɗa musu rawanin dagaci tafiyarsu ta sauya, dariyarsu ta ragu, ba sa cin gyaɗa a bakin hanya kuma. Sai dai na ga wanda rawanin ya gyara, na ga wanda ya lalata.

Tela Ɗan Gujungu:
Ku bar ni in faɗi nawa, tunda sana'ata ce. Wanda bai taɓa tsayawa a shagon tela daren Sallah ba bai san abin da sabon ɗinki ke yi wa ɗan Adam ba. Magidanci zai shigo a gajiye, kafaɗa a sake, yana ƙorafin taki da bashin da ke kansa. Ka miƙa masa kaftaninsa da karin guga, ya zura, ya gyara wuya, ya sa hannu a aljihun gefe. Wallahi kafin ya kai ga madubi ya riga ya miƙe. Sai ka ji ya ce, "Tela, hular nan tawa za ta shiga da shi kuwa?" Mutumin da ya shigo ba ya son magana, yanzu shi ke neman hira.

Akwai kuma wanda ba a faɗa. Yadin roban nan mai sheƙi da ake kawowa da araha, a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wajenmu, azaba ne. Ba ya shan gumi, yana manne wa a baya. Mutum zai wuni yana faɗa da iyalinsa bai san rigarsa ce ke cizonsa ba. Ina gaya wa masu kawo mini ɗinki, in na zaman gida ne ko na kasuwa, su nemi mai auduga ko da bai kai wancan kyau ba, kuma a bar masa fili a hammata da ƙirji. Samari ba sa ji, su dai a matse.

Manomin Fadama:
Duk wannan mai sauƙi ne. Ni bari in faɗi inda abin yake zafi. Yarona ya kwana da zazzaɓi, aka aiko mini ina fadama ina ban-ruwa. Ban tsaya komai ba, na ɗauke shi a babur sai wani asibiti a cikin gari. Wandona da taɓo har gwiwa, rigar gwanjo ce a jikina, malafata a rataye a wuya. Na tsaya a gaban tebur ina sallama, wanda ke zaune bai ko ɗago ba. Can sai ga wani ya shigo da farar shadda tana ƙara, turare na tashi. Nan take aka ce, "Alhaji bismillah, ga kujera." Ni kuwa "kai, matsa can" na samu. Wannan shinkafar da ke cikin kwanonsu daga irin taɓon da ke ƙafata ta fito. Yanzu ku ce mini laifina ne da ban tsaya na yi wanka na sa shadda ba, yaro yana karkarwa?

Anti Nas:
Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, kuma Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ba laifinka ba ne ko kaɗan. A ƙa'idar aikinmu wanda ya fi jin jiki shi ake fara dubawa, ba wanda ya fi ado ba. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ka faɗa yana faruwa a wurare da yawa, kuma mata sun fi shan sa. Matar da ta zo da koɗaɗɗen hijabi da silifas ɗin roba ba a cika yi mata dogon bayani ba, a rubuta magani a miƙa mata. Ita ma da ta ga haka sai ta kama bakinta, abin da ya kawo ta ma ba za ta faɗa duka ba. Wannan yana iya kai wa ga asarar rai, ba ƙaramar magana ba ce.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ina ganin amfanin sutura a ɗakin masu jego. Matar da ta sha wahalar naƙuda tana kwance ba ta son kowa. Da an kawo ruwan zafi ta yi wanka, ta ɗaura wankakken zani, ta gyara ɗankwali, ta sa kwalli, sai ka ga ta tashi zaune tana tambayar kunun kanwa. Shi ya sa nake gaya wa masu jinya su riƙa kawo kayan canji, kada a bar mara lafiya da zani ɗaya har a sallame shi.

Ɗalibar Dutse:
Ina gaida iyayena da yayyena. Abin da Baba Manomi ya ba da labari masana halayyar ɗan Adam sun auna shi. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun nuna wa mutane hotunan fuskoki, fuska ɗaya amma wani lokaci da rigar da ta yi kama da ta masu hali, wani lokaci da ta marasa hali. Mutane suka riƙa cewa mai rigar masu hali ya fi ƙwarewa da sanin ya kamata. Ko da hoton bai kai daƙiƙa ɗaya a gabansu ba haka suka yanke, kuma ko da aka ce musu kada su kula da rigar, ba su iya dainawa ba. Tun a 1974 ma wani mai suna Leonard Bickman ya gwada a titunan New York: mutum ya tare masu wucewa ya ba su umarni, misali su ɗauke wata takarda a ƙasa. In yana sanye da kayan masu gadi an fi yi masa biyayya fiye da in yana cikin kayan gida.

Tambayar Malam ta farko ita ce ta fi wuya, wato ko rigar tana taɓa tunanin mai ita. A 2012 Hajo Adam da Adam Galinsky sun sa wa ɗalibai farar riga. Waɗanda aka ce musu ta likita ce sun fi natsuwa a gwajin lura fiye da waɗanda aka ce musu ta mai fenti ce, alhali riga ɗaya ce. Labarin ya bazu ƙwarai. Sai dai a 2019 wasu sun maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da mutane masu yawa, ba su sami wannan sakamakon ba. Don haka ni abin da na riƙe shi ne, hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen idon masu kallo. Yaron ajin Malam ya san yadda ake kallonsa, shi ya sa ya koma baya.

Malam Na-Firamare:
Madalla ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Ke nan gyaran yana hannun mu masu kallo fiye da hannun tela.

Tela Ɗan Gujungu:
Malam, ni ban sallama duka ba. Wanda ya sa sabon kaya a shagona da tsakar dare, ni kaɗai ne a wurin, kuma na san bashi ya ci ya sayi yadin. Wa yake yi wa miƙewar? Akwai abin da jiki da kansa yake ji.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Addini bai bar wannan babi ba. A cikin Suratul A'arafi Allah ya umarce mu da mu riƙi adonmu a kowane masallaci, kuma a surar nan dai ya ce tufafin taƙawa shi ne mafi alheri. Duka biyun a wuri ɗaya suke. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani ya ce ai mutum yana son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Muslim ya ruwaito. To mai shadda bai yi laifi ba don ya sa shadda. Wanda ya ce wa ɗan'uwanmu "matsa can" shi ne ya faɗa cikin abin da aka hana. Malam Manomi, ka riƙe wannan: ya zo a hadisi cewa sau da yawa mutum mai birkitaccen gashi, wanda ake kora daga ƙofofi, da zai rantse da Allah sai Allah ya cika masa rantsuwarsa. Ku kuma duba ihrami. Ƙyalle biyu farare, sarki da talaka, babu aljihu babu aiki a wuya. Duk wanda ya je zai gaya muku zuciya tana yin laushi da an ɗaura shi.

Manomin Fadama:
Allah ya gafarta Malam, na gode, raina ya yi sanyi. Amma don kada a ce tsohuwar riga kullum hasara ce, ku je Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. Ka shiga kara da Getzner da agogo mai walƙiya, dillalai sun gama yi maka kuɗi tun kana bakin ƙofa, sun san baƙo ne. Wanda zai loda tirela guda ta shanu zuwa kudu kuwa, ga shi can da tsohuwar jamfa da rawani ya sha ƙura, yana duba haƙoran bijimi. A can shi ake kira Alhaji.

Bakure:
Tunda an zo maganar zafi da rawani, mu mutanen Kura muna da abin cewa. Ɗan Kura, baƙin rawanin nan mai sheƙi, a garinmu ake rina shi da baba a kai wa mabuga su buge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Buzaye suna tahowa tun daga Agadas saboda shi, kuma ba sa ƙin shunin da ke zuba a fatarsu, ado ne a wurinsu. Mutum zai ce baƙin kaya a hamada ai wahala ce. An taɓa auna wannan a 1980 a kan irin baƙaƙen rigunan da Larabawan ƙauye na yankin Sina'i suke sawa. Baƙar ta fi farar ɗaukar zafin rana, amma zafin bai isa fata ba, saboda rigar mai faɗi ce, iska tana zagayawa a ciki ta fitar da shi. Maganar Tela ce dai. Babbar rigar kakanninmu da wando buje ba don isa kawai aka yi su ba, ƙasar ce ta koya musu.

Autan Zaure:
Ina neman afuwar manya, mu ma a ji namu. Rigar ƙwallo da jins da muke sawa, a gwanjo ake samunsu da kuɗin da ba zai sayi yadi biyu ba, balle kuɗin ɗinki. Da su muke acaɓa, da su muke dako. Amma da an yi sata a gari, mu ake fara kallo. Na san samari masu sallah a sahun farko da dattawa ba sa amsa gaisuwarsu da kyau saboda shigarsu, na kuma san masu kaftani da hula zanna da ba za ka ba su ajiyar akuya ba.

Baba Alhaji:
Ɗana, na ji ka, kuma akwai gaskiya a ciki. Rigar ƙwallo ba ta dame ni ba. Wandon da ake yagawa da gangan a gwiwa, da wanda ake saukewa ƙasa da ƙugu, su ne ba na so, domin wannan ba talauci ba ne. In za ka je gaida surukai ko zaman sulhu, ka nemi kaftani ko na yayanka ne. Kana gaya musu ne cewa ka ɗauke su da muhimmanci.

Maman Ummi:
Tun ɗazu ina karantawa, maza kun yi ta yi, ba wanda ya taɓo inda ya fi ƙuna. Anko. Ku shigo cikin gida ku gani. A da, ƙawayen amarya na kusa ne kawai ke yi. Yanzu na kamu daban, na wuni daban, na dangin uwa daban, na dangin uba daban, suna ma an fara fitarwa. A ƙauyen da mace sai ta yi wata tana saƙar tabarma ko dakau kafin ta haɗa kuɗin turmi ɗaya na atamfa.

Na ga maƙwabciyata, mace mai fara'a wadda in ba ta a wurin biki ba ya daɗi, ta ƙi zuwa auren 'yar ƙanwarta. Ta ce ciwon kai. Ba ciwon kai ba ne, ankon ne ba ta samu ba. Wata kuma ta je da atamfarta ta bara, wankakkiya, a goge. Da aka zo hoto sai aka ce masu anko su matso. Ta ja da baya a hankali ta koma madafa, ta wuni tana kwashe tuwo da wanke-wanke a bikin da ita ma uwa ce a cikinsa. Ba wanda ya kore ta da baki, amma ta gane. Akwai wadda ta sayar da tunkiyar da take tattali don kada kishiya ta fita a anko ita ba ta fita ba. Daga nan faɗa da miji, daga nan yaji. Ana cewa anko na haɗa zumunci, ni dai a garinmu na ga yana tace mutane kamar rariya, masu hali su wuce, marasa hali su tsaya a sama kowa na ganinsu.

Kada a ce ban san daɗin kwalliya ba. Na yi takaba, wata 4 da kwana 10 babu lalle, babu turare, babu kayan ado. Ranar da na fita, yayata ta kawo mini sabuwar atamfa ɗinkakkiya, aka yi mini kitso. Da na ɗaura sai na ji kamar an ce mini tashi, rayuwa ba ta ƙare ba. Don haka na san abin da zani yake yi wa zuciyar mace. Shi ya sa ma nake jin zafin a mayar da shi abin ware wasu.

Hajiya Mai Atamfa:
Maman Ummi, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan mai gidan. Ni ke sarin atamfa daga Kantin Kwari ina kawowa, kowa ya sani, don haka za a ce kasuwata nake karewa. Amma ki duba wannan. In babu anko, matar ɗan kasuwa za ta zo da Super Holland da leshi, ta manomi ta zo da 'yar roba, bambancin ya fi fitowa fili. Anko in an zaɓi mai sauƙi shi ke daidaita su, kowa iri ɗaya, kamar yadda yunifom yake yi wa 'yan makarantar Malam. Mata da yawa ma ankon nan shi ne sabon zaninsu na shekara, in ba don shi ba miji ba zai saya ba.

Maman Ummi:
Hajiya, in guda ɗaya ne mai sauƙi, kuma aka fitar da shi da wuri mace ta tara a adashi, ba ni da ja. To amma wa ke zaɓa? Uwar amarya da ƙawayenta masu hali, kuma kowace tana son a ce nata bikin ya fi na wance. Ke da kanki kin san wanda aka fitar a bikin bayan Sallah ba na masu dakau ba ne.

Alaramma:
Wannan magana ta cancanci a kai ta gaban iyayen gari. In mata suka amince a tsakaninsu, zan yi wa liman magana a taɓo ta a huɗuba, ba tare da an ambaci gidan kowa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya gafarta Malam, a bari mu fara zama mu mata tukuna, in aka fara daga mumbari za a ce da wata ake. Maman Ummi, ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya ki tsayar da matan unguwarku, ni zan zo da na unguwarmu. Zan kawo kala uku masu sauƙin kuɗi su gani da idonsu. Sai dai ki sani tun yanzu, uwar amaryar watan gobe ta riga ta ba ni kuɗin nata, kala biyu, kuma na riga na saro.

Maman Ummi:
To a bar na watan gobe ya wuce, kada a ɓata wa yarinya biki. Amma ita ma uwar amaryar ki taho da ita ranar Asabar ɗin, ina son ta ji daga bakin waɗanda ba za su iya saya ba.